Babi na Biyar: Abin da Ke Karkatar da Allurar Kamfas

Me ya sa za a auna gona ɗaya sau biyu a sami iyaka biyu? Tambaya ce da ake yawan ji a zauren uban ƙasa da gaban alƙali, musamman in an zo rabon gado ko an tashi yanka gona fuloti-fuloti. Mai gona ya san tsamiyarsa ba ta gusa ba. Maƙwabcinsa ya san gambar da kakansa ya dasa tana nan inda take. Amma ga takarda ta ce layi ta nan ya bi, ga kamfas ɗin da ke cikin wayar ɗansa ya ce a'a, ta can ne. Wannan tambaya tana da ƙanwa, wadda kusan duk mai babbar waya ya taɓa yi: me ya sa alƙiblar da waya ta nuna a tsakar gida ta saɓa da wadda ta nuna a cikin ɗaki?

Mutane sukan yi saurin yanke hukunci, su ce ko dai safiyo ya karɓi na goro, ko na'urarsa ta lalace. Akan sami hakan. Amma sau da yawa safiyo ya riƙe amana, kamfas kuma lafiyarsa lau, sai dai an tsaya da shi kusa da abin da ke jan allurarsa. A babin da ya gabata mun ga yadda ake auna tsawon layi da tef. A wannan za mu duba fuskar da layi ya dosa, da abin da ke ɓata karatunta, da yadda ake gano ɓarnar a gyara ta tun ana cikin gona.

Wa allura take bi?

A can cikin ƙasa, kimanin kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafafunmu, akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba dare ba rana. Motsin nan ne ya mai da duniya ɗungurungum ta zama maganaɗisu mai kai biyu, ɗaya wajen arewa, ɗaya wajen kudu. Allurar kamfas ita ma ƙaramin maganaɗisu ce da aka ɗora kan tsini don ta juya yadda ta ga dama. In aka bar ta ta natsu, sai ta miƙe ta bi jan duniya, kanta ɗaya yana duban arewa.

An daɗe da sanin wannan. Wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Shen Kuo ya bayyana allurar a rubuce wajen shekarar 1088. Sarkin Yaman al-Ashraf Umar, wanda ya rasu a 1296, ya rubuta yadda ake sa allura ta yi iyo a kwanon ruwa a nemi alƙibla da ita. A 1600 wani likita ɗan Ingila, William Gilbert, ya fito da bayanin cewa duniyar kanta ce maganaɗisun da allura ke bi.

Masu awon ƙasa sun raba da'ira gida 360, kowane gida digiri ɗaya. Ana fara ƙirge daga arewa a bi ta hannun dama: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Alƙibla daga Jega ta jihar Kebbi tana wajen digiri 70, wato gabas ce amma da ɗan karkata zuwa arewa. Kamfas ɗin awo kuwa ɗan akwati ne zagayayye na tagulla ko alminiyum, bai fi tafin hannu ba, da gilashi a samansa. Ana kafa shi kan sanda mai ƙafa uku daidai saman kusurwar gona. Safiyo ya leƙa ta wata 'yar tsaga, ya saita siririn zare da sandar da mataimakinsa ya riƙe a ɗaya kusurwar, ya jira zoben lambobin da ke cikin akwatin ya daina lilo, sannan ya karanta.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne jan duniya ba shi da ƙarfi. Maganaɗisun da ke bayan lasifikar rediyo, in aka auna a jikinsa, ya fi shi ƙarfi sau ɗaruruwa. Lamarin kamar mai sauraren kiran salla ne daga masallaci mai nisa. In gari ya yi tsit, zai ji muryar ladan sarai, har ya nuna ta inda take fitowa. Da wani zai kunna rediyo kusa da kunnensa, shi ke nan, na kusa ya rinjayi na nesa. Karkatar da wani abu na kusa ke jawo wa allura ita za mu riƙa kira jan kusa a littafin nan.

Gwaji da fartanya

Gani ya kori ji. Ɗauki kamfas ka fita bayan gari inda babu gini, ka shimfiɗa tabarma ka ajiye shi, ka bar allura ta tsaya cik. Sai ka ɗauko fartanya ka riƙa matso da bakinta a hankali daga gabas. Tun tana nesa da kamu ɗaya ko biyu za ka ga kan allura ya soma rawa. In ta zo kusa da taƙi ɗaya, allura za ta saki arewa ta bi ruwan fartanya. Zagaya da ita, allura ta biyo. Janye ta, allura ta yi lilo ta koma mazauninta. Yanzu maimaita da tukunyar alminiyum ko ƙoƙo ko sandar itace: ko gezau. Shi ya sa ake ƙera akwatin kamfas da tagulla ko alminiyum, domin su ba sa ja.

Gwajin nan ya koyar da abu biyu. Na farko, ba kowane ƙarfe ke ja ba. Baƙin ƙarfe ne da danginsa. Na biyu, jan yana raguwa da sauri in an ja da baya. Ga abu dunƙulalle kamar injin ban-ruwa, in ka ninka nisan da ke tsakaninku, jan zai koma kusan kashi ɗaya cikin takwas. Taku kaɗan yakan raba ka da matsala. Littafin koyar da karatun taswira na sojojin Amurka ya ba da nisan da ya kamata a bari: mita 55 daga manyan wayoyin lantarki, mita 18 daga babbar mota, mita 10 daga wayar shinge mai ƙaya, rabin mita daga bindiga ko hular kwano.

Abubuwan da ke ja

Na farko su ne waɗanda mai awo ke ɗauke da su a jikinsa: makullai a aljihu, wuƙa, agogo, kan bel, tabarau mai firam ɗin ƙarfe, tef na ƙarfe, da uwa uba wayar hannu, domin a cikinta akwai maganaɗisun lasifika. Waɗannan sun fi haɗari, saboda suna yawo tare da mutum. Yanzu makulli yana hagu da allura, an jima ya koma dama, don haka kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a lissafa shi.

Na biyu su ne abubuwan da aka gina ko aka ajiye. Shekarun baya mutum kan yi tafiya mai nisa a gonakin Maiyama bai haɗu da ƙarfen da ya wuce garma da lauje ba. Yau lamarin ya sauya. Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato da ta Yawuri da ta Birnin Kebbi, manyan motoci ba sa yankewa. A fadamun Gulbin Zamfara injinan ban-ruwa da bututu sun cika ko'ina. A Aliero, lokacin kakar albasa, tireloli kan yi layi a bakin gonaki suna lodi. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin a 2006, gonakin bakin gari ke ta komawa fuloti, kuma kowane sabon gini yana zuwa da rodi da kwanon rufi da ƙyauren ƙarfe da tankin ruwa bisa hasumiya. A tsakiyar garin Jega, a unguwanni irin na mazaɓar Jega Magaji, da wuya ka sami wurin tsayawa da babu ƙarfe kusa. Amsar tambayar alƙibla ke nan: rodin da ke cikin ginshiƙi, da gadon ƙarfe, da fanka, da firji, kowanne yana jan kamfas ɗin waya ta gefensa.

Wutar lantarki ma tana cikin wannan rukuni. A 1820 wani malamin kimiyya ɗan Danmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa allura tana kaucewa in wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. Wutar batir da ta sola, da ke tafiya fuska ɗaya, ita ta fi karkatar da allura kai tsaye, don haka a yi hattara da wayoyin da suka taso daga farantan sola zuwa injin rijiya. Wutar gari kuwa tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, allura ba ta iya bin wannan sauri. Duk da haka ba a tsayawa ƙarƙashin manyan layuka irin wanda ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, domin hasumiyoyinsu tarin ƙarfe ne. Haka taransifoma da wayar da ke ɗaure falwaya da ƙasa.

Ƙasar da muke takawa

Na uku shi ne wanda ido ba ya gani, wato abin da ke binne. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar Gwandu ya san tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai, da jar marmara ta lulluɓe samansu. Jan launin nan tsatsar ƙarfe ce. A irin wannan dutse ne maƙeran da suke samun tama su narka. Sai mutum ya zaci duk inda marmara take kamfas ba zai yi aiki ba.

Ba haka ba ne. Ƙarfen da ke cikin marmara galibi nau'in da ba ya ja sosai ne, kamar hematayit, shi ya sa ake iya tsayawa kan tudun marmara allura ta nuna daidai. Mai ja da ƙarfi shi ne magnetayit, baƙin ma'adinin da yara kan tara in sun ja maganaɗisun lasifika cikin yashin kwari. Akwai kuma wani nau'i mai ja da kan samu inda wuta ta daɗe tana cin jar ƙasa. Don haka tsakuwar marmara ta wani wuri takan manne wa maganaɗisu, ta wani wuri ta ƙi. A kudancin jihar Kebbi, wajen Zuru da Yawuri, inda tsofaffin duwatsu masu tauri suka fito fili, nau'in dutse yakan sauya cikin ɗan taƙi, jan ma ya sauya tare da shi. Ga kuma abin da mutane suka binne da hannunsu: kashin maƙera a kufai, tsohon bututu, juji mai cike da gwangwani.

Ma'anar wannan ita ce ba a gane jan kusa da duban ido kawai. Wuri yakan yi fes, babu mota babu gini, amma allura ta karkata. Dole sai an gwada.

Digiri uku, fuloti biyu

Wani zai ce, digiri biyu ko uku cikin 360, me zai rage? Mu lissafa. Kuskuren digiri ɗaya yana kautar da layi kusan mita ɗaya a kowace mita 57. A mita 100 ya zama mita 1.75. Yanzu ɗauki gefen gona mai tsawon mita 200 da aka fitar da kuskuren digiri 3. Kafin a kai ƙarshe, layin ya kauce da kusan mita 10.5. Tsirin ƙasar da ya faɗa tsakanin layin gaskiya da na kuskure ya kai murabba'in mita 1,050. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 kuwa murabba'in mita 465 ne. Wato digiri ukun nan sun ɗauke fiye da fuloti biyu daga hannun wani sun miƙa wa wani, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

A fadamar albasa ko shinkafa wannan fili ne mai kawo buhuna. A bakin gari gidaje biyu ne. Kuma kuskuren ba ya fitowa ranar da aka yi shi. Yakan kwanta cikin takarda har waɗanda suka halarci awon su rasu, sannan ya tashi tsakanin 'ya'yansu.

Karatun gaba da karatun baya

Maganin yana cikin wata ƙa'ida mai sauƙi. In ka tashi daga wani wuri ka dosa gabas sak, to in za ka komo yamma sak za ka dosa. Gabas 90 ce, yamma 270, tsakaninsu 180. Haka kowane miƙaƙƙen layi yake. Karatun da aka ɗauka daga farkonsa ana duban ƙarshe, shi ne karatun gaba. Wanda aka ɗauka daga ƙarshe ana duban farko, shi ne karatun baya. Bambancinsu dole ya zama 180 cif. In karatun gaba bai kai 180 ba, a ƙara masa 180 a sami na baya. In ya wuce, a debe.

In aka karanta layi daga kai biyu aka ga bambancin 180 ne, alama ce kusurwoyin biyu lafiya suke. In aka ga 183 ko 178, to ɗaya daga cikinsu, ko duka biyun, akwai abin da ke ja. Wanda ya karanta layi daga kai ɗaya kawai ya wuce, ba shi da hanyar sanin ko lambar da ya rubuta ta gaskiya ce.

Akwai ƙa'ida ta biyu da ta sa gyara ke yiwuwa. Jan kusa na wuri ne, ba na layi ba. In wani ƙarfe ya karkatar da allura digiri 3 a wata kusurwa, duk layin da aka karanta daga nan zai ɗauki kuskuren digiri 3 ɗin nan, ba ƙari ba ragi. Da zarar an gano adadin, an sami gyaran duk karatun wurin.

Gona mai kusurwa huɗu

Mu ƙaddara wata gona a kan hanyar Jega zuwa Maiyama. Kusurwarta ta farko tana gindin tsamiya, ta biyu gindin kuka, ta uku kusa da rijiyar burtsatse mai fanfon ƙarfe, ta huɗu kusa da falwaya. Safiyo ya kafa kamfas a kowace kusurwa, ya karanta layin da ke gabansa da wanda ya baro. Da ya iso rijiya ya juya yana leƙen kuka, sai dattijon mai gona ya ce, "Yaro, ai ka riga ka duba layin nan daga can. Me kuma ka juya nema?" Safiyo ya ce, "Baba, ɗazu daga can na dubi nan, yanzu sai na dubi can daga nan. In karatun biyu ba su haɗu ba, akwai abin da ke jan allura." Ga abin da ya rubuta:

Tsamiya zuwa kuka: gaba 40, baya 220. Bambanci 180.
Kuka zuwa rijiya: gaba 130, baya 313. Bambanci 183.
Rijiya zuwa falwaya: gaba 223, baya 38. Bambanci 185.
Falwaya zuwa tsamiya: gaba 308, baya 130. Bambanci 178.

Layin farko ne kaɗai ya ba da 180, don haka tsamiya da kuka su ne wurare masu tsabta. Daga nan ake fara gyara.

Tunda kuka lafiya take, karatun 130 da aka ɗauka a can daidai ne. Na bayansa ya kamata ya zama 310, amma a rijiya an karanta 313. Ke nan fanfon ya ja allura digiri 3 zuwa yamma, duk karatun rijiya ya yi yawa da 3. A debe 3 daga 223, sai layin rijiya zuwa falwaya ya koma 220.

Na bayan 220 shi ne 40, amma a falwaya an karanta 38. A nan allura gabas aka ja ta, karatu ya gaza da 2. A ƙara 2 kan 308, sai layin falwaya zuwa tsamiya ya zama 310. Na bayansa ya kamata ya zama 130, kuma 130 ɗin aka karanta a gindin tsamiya. Lissafi ya rufe. Wannan haɗuwa ta ƙarshe ita ce shaidar cewa gyaran ya yi daidai.

A lura da wani abu. A rijiya, faɗin kusurwar da ke tsakanin layukan biyu kafin gyara 313 ne a debe 223, wato 90. Bayan gyara 310 ne a debe 220, har yanzu 90. Jan kusa yana ɓata fuskar layi, amma ba ya taɓa faɗin kusurwa, domin kuskuren da ya shiga karatun farko shi ya shiga na biyu. Saboda haka akwai hanya ta biyu ta gyara: a fitar da faɗin kowace kusurwa, a tabbatar jimillarsu ta cika 360 in gonar mai gefe huɗu ce, sannan a ɗauki layi ɗaya mai tsabta a gina sauran a kansa.

Inda ake zamewa

Dabarar tana da sharuɗɗa. Na farko, kada abin da ke ja ya motsa tsakanin karatu biyu a wuri ɗaya. In an karanta layin baya babur yana jingine kusa, sannan mai shi ya tuƙa ya tafi kafin a karanta na gaba, kuskuren ya zama iri biyu, lissafi ba zai kama shi ba. A kawar da duk abin da ke kawuwa tun kafin a fara.

Na biyu, bambancin 180 ba hujja ba ce yankakkiya. Yana yiwuwa kusurwoyi biyu su karkata da adadi ɗaya zuwa fuska ɗaya, kamar in layin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da dogon shingen waya. Mai lura yakan koma wani wuri na uku a sarari ya sake gwadawa.

Na uku, wani lokaci babu layi ko ɗaya da ya ba da 180. Nan sai a ɗauki wanda saɓaninsa ya fi ƙanƙanta, a raba saɓanin biyu tsakanin kawunansa, a fara daga nan. Wannan lallaɓawa ce, kuma ya kamata a rubuta a littafin awo cewa haka aka yi.

In kusurwa ta faɗa jikin taransifoma ko ƙyauren ƙarfe, ba dole sai an tsaya a kanta ba. Miƙaƙƙen layi fuskarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Ana iya matsawa tsakiyarsa inda babu ƙarfe, a daidaita da sandunan kai biyu, a karanta a can.

Ranar da allura ta nuna arziki

A ƙarni na 19 gwamnatin Amurka ta tura masu awo su yanka dazuzzukan jihar Michigan. Cikinsu akwai William Austin Burt, wanda karkatar allura ta dame shi har ya ƙera kamfas mai aiki da rana, ya yi masa rajista a 1836. Na'urar tana gano arewa daga matsayin rana, don haka ƙarfen ƙasa ba ya ruɗa ta. Ran 19 ga Satumba 1844, kusa da inda garin Negaunee yake yanzu, allurar ayarinsa ta kauce fiye da digiri 80. Da yake yana da kamfas ɗin rana a hannu, ya san ba shi ya ɓace ba. Ya sa mutanensa su duba ƙasa, suka tsinto gutsattsarin tama. Cikin 'yan shekaru aka fara haƙa, yankin ya zama ɗaya daga manyan wuraren samun ƙarfe a Amurka.

Haka aka yi a Kursk ta ƙasar Rasha, inda aka lura da ruɗewar allura tun 1773, sai a 1923 haƙa ta tabbatar da ɗimbin tamar da ke kwance a ƙasa. A yau masu neman ma'adinai suna yawo da na'urorin auna maganaɗisu a jirgin sama don farautar irin wannan karkata, kuma tama mai magnetayit irin ta Itakpe a jihar Kogi tana fitowa ɓaro-ɓaro a awonsu. Darasin Burt ga mai awon gona shi ne ya ci nasara ne saboda yana da hanya ta biyu ta sanin arewa. Bai dogara da allura ita kaɗai ba.

Haƙƙin mai gona

A yau ƙwararren safiyo ba da kamfas yake kafa iyakar da za ta shiga takardar mallaka ba. Yana aiki da na'urorin GPS na awo da na'urar hangen kusurwa mai lantarki, waɗanda ƙarfen kusa ba ya jan su. Hukumar SURCON, da aka kafa a 1989, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya. Amma kamfas bai bar gona ba. Ɗalibai da shi suke koyo, ma'aikatan gona da na gandun daji suna riƙe da shi, akwai tsofaffin zane-zane da aka yi da shi, kuma yanzu yana aljihun duk mai babbar waya. Na wayar ma ya fi saurin ruɗewa, domin yana zaune ne tsakanin batir da lasifika, wani lokaci har da murfi mai maganaɗisu.

Don haka in za a auna maka gona da kamfas, ka sa ido ka ga an karanta kowane layi daga kai biyu. Ka nemi ganin lambobin, ka debe da kanka ka ga ko 180 ta fito. Ka sa a matsar da babura da injina da kayan noma. Kada ka tayar da rigima da maƙwabci saboda abin da wayarka ta nuna a jikin katanga. Kada kuma ka yarda a tumɓuke turken siminti ko gamba ko bishiyar iyaka saboda karatu ɗaya tak. Alamar da ke ƙasa, wadda dattawa suka shaida, ta fi lambar da ba a gwada ba nauyi. Hadisi ingantacce a cikin Sahihu Muslim ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sauya alamomin iyakar ƙasa. Wanda ya san ana iya gwada karatu cikin 'yan mintoci amma ya ƙi, ya yi sakaci da haƙƙin mutane.

Sai dai ko an kawar da duk ƙarfen da ke gona, an karanta gaba da baya, lissafi ya rufe, akwai sauran rina a kaba. Arewar da allura ke nunawa ba ita ce arewa ta gaskiya ba, kuma ba ita ce wadda ake zana taswira da ita ba. Ban da haka ma tana gusawa shekara da shekaru. A farkon ƙarni na 20 allura a Najeriya tana karkata digiri da yawa zuwa yamma, yau kuwa karkatar ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Wannan ya shafi duk mai riƙe da tsohon zanen gonar gado. A babi na gaba za mu bi arewa ukun nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda ake karanta takardar da aka auna shekara 50 da suka wuce da kamfas ɗin yau.